Kawu, katin ya shiga kuwa?

Assalamu alaikum 'yan uwana na wannan gida, da fatan mun wuni lafiya, ya damina. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, domin wadda zan yi magana a kanta ƙawayenta suna nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi mini uzuri in rubutuna bai daidaita ba, karatuna a firamare ya tsaya.

Ni magidanci ne a Wudil, ina da ɗan shagon gem a hanyar kasuwa. Abin da ke riƙe da shagon wani tsohon inji ne na hannu da na sayo a Kano, dogon akwati mai allo da sitiyari da totur, na tseren mota. Ba ya tashi sai an jefa masa ƙarfe a wata 'yar kafa. Da yake yanzu ba a kashe sulalla, sai na bi tsofaffin unguwa na tattaro tsofaffin sule da suka ajiye a kwalla, ina sayar wa mai wasa ɗaya ya jefa, da yamma in buɗe in kwashe. Ranar Juma'a samarin Fulani da suka kawo shanu kasuwar kara da yaran manyan motoci har layi suke yi, wani ya jingine sandarsa ya kama sitiyari yana ihu kamar da gaske titi yake. Da wannan injin nake ciyar da iyalina.

Ina da 'yar yayata, zan kira ta Ummi, ba sunanta ba ne. Tana karatun zanen gine-gine a jami'ar garin nan, tana shekarar ƙarshe. Mahaifinta ya rasu, Yaya ce a Lajawa ta sayar da ɗan bijimin da take kiwo ta saya mata kwamfuta irin ta tebur, don an ce aikinsu ƙaramar ba ta ɗauka. Da aka tura su Kaduna koyon aiki sai ta kawo mini kwamfutar a kwali ta ce in ajiye mata, ɗakin Yaya yana yoyo. Ta ce a duk dangi ba ta da wanda hankalinta zai kwanta da shi kamar ni, domin ni ne Kawun da ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya. A cikin kwalin har da ragowar katin waya da take sayar wa ƙawayenta a makaranta, ta ɗaure su da kyauro.

Ana cikin haka injina ya mutu, sauti yana fita amma allo baƙi ƙirin. Na kira mai gyara, ya kwance bayan akwatin, na leƙa na yi mamaki. Ni a zatona wani abu ne na musamman a ciki, ashe kwamfuta ce irin ta gida aka ɗaure da kusoshi. Ya zaro wani faifai mai 'yar fanka ya ce wannan ne ke zana motoci da titi, sunansa girafik kad, su kati kawai suke ce masa, kuma ya ƙone. Ya ce samun irinsa sai an jira. Yana shirin tafiya idonsa ya faɗa kan kwalin Ummi a ƙarƙashin benci. Ya buɗe ya duba ya ce ai ga magani a gonar yaro, katin cikinta zai hau, ya ma fi nawa. Na ce ajiya ce, ba zan taɓa ba sai da izini. Ya ce to in kira ta mana.

Na kira ta, muka gaisa, na ce: "Ummi, akwai wani kati a cikin kayan nan naki, ina so in ara." Wallahi lokacin da na faɗa ban yi niyyar ruɗa ta ba, sunan da na ji an kira abin ne na maimaita. Ta yi dariya ta ce: "Haba Kawu, wannan har sai ka tambaya? Ɗauka mana, ba aro ba, na ba ka halak malak. Sai dai ka kankare a hankali, kar lambobin su goge." Nan take na gane katin waya take nufi. Bakina ya buɗe zan gyara, na kalli injin a mace, na tuna jibi Juma'a, sai na ce to, Allah ya yi albarka, na kashe waya. Mai gyara da ke jin komai ya ce shi ke nan, ta ce halak malak, ya hau aiki. Da katin ya ƙi zama a gurbin, har da lanƙwasa ƙarfen gefensa ya yi.

Inji ya tashi, hoton ya fi na da kyau nesa ba kusa ba, har ƙurar tayar mota ake gani. Ciniki ya buɗe. Amma tun ranar duk sulen da ya faɗa akwatin nan sai in ji ƙararsa a ƙirjina. Na riƙa ce wa kaina mako mai zuwa zan cire in mayar, Juma'a ta zo in ce bari wannan ta wuce. Na je wajen limamin unguwarmu na tambaye shi hukuncin wanda aka ba shi ajiya, ya nemi izini, mai kaya ya ce ya ba shi kyauta. Ya ce halal ne, babu komai. Na fito na fi shiga damuwa, domin na san ni na sassaƙa tambayar yadda amsar za ta yi mini daɗi, maganar kankarewa ban kai masa ita ba. Maiɗakina da na gaya mata mun kwana biyu ba ma shiri. Ta ce ni da nake sake alwala sau uku don kokwanto, ga ƙaton abu na haɗiye ban ko sha ruwa ba. Ta ce bijimin marainiya nake tuƙa wa Fulani.

To yanzu abin ya ɓaci. Shagon rufin kwano ne, ga zafi ga wutar janareto mai hawa da sauka. Katin ya fara fitar da korayen layuka a allo, in ya yi zafi sai ya ɗauke gaba ɗaya sai ya huce. Masu wasa ba ruwansu, wani ma ce mini ya yi ashe an ƙaro ruwan sama a gem ɗin. Amma Ummi zanen gidan da za ta kare a gaban malamanta za ta yi da shi, wanda shi ne fitarta daga makaranta, kuma Lahadi mai zuwa za ta dawo. Mai gyara ya ce bari ya miƙe ƙarfen ya mayar da katin cikin kwamfutar, in rufe kwali in yi shiru, za ta ɗauka sanyin damina ne ya taɓa shi. Ya ce ko a gaban alƙali ina da hujja, da bakinta ta ba ni. Ni kuma na san abin da bakinta ya ba ni, yana nan ɗaure da kyauro, ko ɗaya ban zara ba.

Hanyar da nake gani ita ce in sayar da injin in nemo mata sabo. Akwai mai so, amma in injin ya tafi shagon ya mutu, kuma an ce ba lallai katin ya iso kafin lokacin aikinta ba. In na faɗa mata gaskiya, dole ta kai ga Yaya, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ban san da wane ido zan kalle ta ba. In na yi shiru na sayo na saka ba ta sani ba, shin na fita haƙƙinta, ko sai na faɗa? In kuma bai iso ba, ta zauna aiki hoto ya ɗauke mata, ta yi ta zargin kanta da ta bar kaya a damina fa?

Jiya ta kira ni tana murnar dawowa. Har za mu yi sallama ta ce: "Af, Kawu, katin nan ya shiga kuwa?" Ina tsaye a gaban injin, wani yaron mota yana ta murza sitiyari cikin korayen layuka. Na ce mata ya shiga. Ta ce alhamdulillahi, in na ƙara buƙata in ƙara ɗauka.

Jama'a ba ƙarya na yi ba, ya shiga ɗin. Amma tun jiya abinci ya ƙi shiga. In kira ta yau in warware mata tun tana Kaduna, ko in jira ta zo in buɗe bayan injin in nuna mata da idonta? Kuma Yaya, ni zan riga zuwa Lajawa, ko in bar Ummi ta kai? Ku gaya mini gaskiya ko da zafi, ina nan ina karantawa.