Inna, na ƙwace fartanya daga hannun Habibu

Assalamu alaikum Inna, mahaifiyata. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahama a makwancinki.

Ranar Talata bayan sallar asuba na nufi gonarmu ta hanyar Kanya Babba. An yi ruwa da daddare, ƙasa ta yi laushi. Tun daga nesa na hango mutum a sunkuye cikin geronmu yana noma. Na zaci wani maƙwabci ne ya ɓata iyaka. Da na matso kusa da kukar nan ta bakin gona sai na ga Habibu ne, autanki, sanye da tsohuwar rigata, ya naɗe wando zuwa gwiwa.

Na tsaya bayan kukar ina kallonsa. Yana saran ciyawa, yana kaɗe ƙasar saiwa, yana jefarwa gefe yadda kika koya mana. Har wata 'yar waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Tun da ya dawo daga jami'a ban ga fuskarsa a sake haka ba.

Bari in gaya miki abin da ya dawo da shi, tunda bayanki aka yi. Akwai jarrabawar da ta kayar da shi bara. Bana zai sake zama, kuma in ta sake kayar da shi, makarantar za ta sallame shi. Ya ce ɗakin kwanansu hayaniya ta yi yawa, shi ya sa ya taho gida ya yi karatu kafin ranar.

Kin tuna abin da kika ce mini kina kwance, kina riƙe da hannuna? "Lawan, kai ka riƙe gona, shi ya riƙe littafi." Inna, na riƙe maganar nan har na wuce da ita inda ba ki aike ni ba.

Na share masa ɗakinki. Na hana yara wasa a tsakar gida. Na ce wa matata ta riƙa ajiye masa abinci a bakin ƙofa, kada ta yi masa magana. Abokansa in sun yi sallama a zaure, ni nake fita in ce ba ya nan. Ya ɗauki guga zai ja ruwa, na karɓe. Ya ɗebi harawa zai zuba wa awaki, na ce ya ajiye. A tashar masu acaɓa ta Babura kuwa ba ni da hira sai tasa, har kowa ya koma kiransa Injiniya.

Ni ban yi nisa a boko ba, kin sani, wannan wasiƙar ma a waya nake lallaɓa ta da babban yatsa. Amma ina da ido. Na ga tuwo yana dawowa an ɗan gutsuri gefe kawai. Na leƙa ta taga na gan shi da littafi a buɗe, na je na ɗaure awaki na dawo, shafin bai canza ba. In waya ta yi ƙara sai ya zabura kamar an taka shi. Duk na gani, na ce wa kaina ai haka karatu yake.

To, a safiyar nan, maimakon in bar shi, sai na fito daga bayan kuka na finciko fartanyar daga hannunsa. Na ɗaga murya. Na ce wannan ba aikinsa ba ne, na ce so yake ya ci amanarki. Da sunanki na doke shi, Inna.

Bai yi musu ba. Ya dubi tafin hannunsa da ya yi bororo, ya ce, "Yaya, kunyar gero ɗaya kawai. A nan ne kaɗai nake fara abu in ga ƙarshensa." Na nuna masa hanyar gida. Ya tafi, bai waiwayo ba.

Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce, ba maganarki kaɗai ce ta motsa ni ba. Na ji motsin mutane a kan hanya, na ji tsoron a ce Lawan ya gaza har ya sa ɗan jami'a noma. Bakin mutane na duba, ban duba ƙanena ba.

Tun ranar ƙofarsa a rufe take. Yana gaishe ni da ladabi, idonsa a ƙasa. Jiya matata ta dawo da kwanon ko buɗe shi bai yi ba. Ranar komawarsa tana matsowa, ni kuma na fara tsoron abin da ya fi faɗuwa: in mayar wa makaranta da yaron da ya karye a hannuna.

Na koma na duba inda ya nome. Tsaf, ko gero ɗaya bai sare ba. Ya kai rabin kunyar na tsayar da shi. Na nome ta dama, na nome ta hagu, amma na kasa sa fartanya a sauran tasa. Ciyawa tana ta tashi a wurin.

Innata, ki yafe mini, zan sassauta maganarki. Gobe in Allah ya kai mu zan ƙwanƙwasa masa, mu tafi tare. Ya ƙarasa kunyarsa, ya ƙara wata in yana so, ya dawo ya yi wanka ya ci abinci, sannan ya buɗe littafi. Ban sani ba ko hakan zai sa ya ci jarrabawar. Na dai san ke da kina nan, da tun ranar farko kin aike shi ɗebo miki ruwa don kawai ki ji ya yi dariya a bakin rijiya.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sanyaya zuciyar Habibu, ya buɗe masa abin da ya karanta ranar da zai zauna jarrabawar. Ni kuma Allah ya koya mini riƙon da ba ya shaƙewa.

Ba ni kaɗai na ga abin da ya faru ba. Jauro Bello yana kan burtali da shanunsa, ya tsaya ya dogara sandarsa. Iya Talatu, ƙawarki, tana tsinkar tafasa a gefen gona, ta miƙe ta dube ni. A gabansu na ƙwace fartanyar nan, kuma na aika a gaya musu su biyo ta wurin gobe da safe, su ga na mayar masa da ita.

Ɗanki,
Lawan