Benci Wayam

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Inna? Ya yara da zaman kulle?

Ni lafiya lau, sai ɗan tari, na sanyi ne.

Ƙaramin asibitin unguwa da nake aiki yana nan yana lallaɓawa. Tun shigowar annobar nan muka hana tsofaffi da masu ciki zuwa bin layi, mu ke bin su gida-gida da jakar magani. Makon jiya masu ba mu tallafi suka turo wakilinsu. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ga benci wayam, ya ce, "To ina marasa lafiyar?" Likita ta ce, "Suna gida, biyo mu ka gani." Ya ce ba a ba shi izinin shiga gidaje ba. Ƙarshen wata za mu ji ko za su ci gaba da tallafin.

Kada ki yi wa Inna zancen tarin. In ta tambaya ko ina cuɗanya da marasa lafiya, ki ce mata ko mutum ɗaya babu a bencinmu. Ba ƙarya kika yi ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki