Na cire Rumde daga layi

Assalamu alaikum admin, barka da aiki, ina kuma gaida masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, zagin ma na riga na yi wa kaina, shawara nake nema.

Ina aiki a wata cibiyar bincike a nan Yola, ni ne mai kula da ɗakin kwamfutoci. Injuna ne da aka haɗa wuri guda suna aiki tare. Idan an kawo lissafi mai nauyi, manhajar rabon aiki ce ke yanka shi gunduwa-gunduwa, ta ba kowane inji nasa, in sun gama a haɗe. Kowa bin layi yake yi, ni kaɗai nake da ikon taɓa layin. Wadda ta samo min aikin nan wata Kirista ce, bari in kira ta Rifkatu, ni dai Adda nake ce mata, wato yaya. Ita ke lissafin ambaliya: in kogin Binuwai ya cika, wace unguwa ruwa zai ci, wacce zai bari. Mahaifiyarta tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, tana zaune a unguwar Rumde ta gefen kogi.

Da damina ta yi nisa sai Adda ta saka babban lissafinta, ya cinye injunan gaba ɗaya. Ni kuma ina da nawa aikin na digiri na biyu, yana can ƙasan layi yana jira, ga malamina ya ce in ban kawo sakamako ba sai baɗi. Kullum in buɗe in ga nawa bai motsa ba, raina ya ɓaci. Ni da nake share musu ƙura, nake lallaɓa batir in an ɗauke wuta, ni ne zan zama na ƙarshe? Sai na ce inji ɗaya dai, wa zai sani? Na tsayar da abin da yake yi, na ɗora nawa. Na ɗauka manhajar za ta mayar da wannan gunduwar kan wani injin, na manta ni da hannuna na kashe wannan tsarin tun da batiranmu suka yi rauni. Ban ma duba lissafin wace unguwa ne a kan injin ba, wallahi ban duba ba. Ashe Rumde ce.

Ranar da sauran injunan suka gama, Adda ta leƙo da jakarta a kafaɗa, za ta taro da jami'an agajin gaggawa. Ta ce, "Ƙanena, ya haɗu?" Na duba na ga rami a tsakiyar taswirar, wurin Rumde babu komai. Da na ce mata a'a, da fa shi ke nan, faɗa za ta yi ya wuce. Amma sai na ji bakina ya ce, "Saura kaɗan, Adda." Na ɗauko sakamakon gwajin da muka yi da ruwan rani, na toshe ramin da shi. Taswira ta fito tsaf, unguwannin gefe duk ja alamar ambaliya, Rumde fara tas. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ikon Allah, Rumde ta tsira bana?" Na ce haka injin ya nuna. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Na san za ku ce in sake saka lissafin a ɓoye. Na yi niyya. Amma tun daga ranar injunan suna kan lissafin garin Numan da ƙauyukan da ke ƙasan kogi, babu ko ɗaya da yake zaune. In na ƙwace ɗaya don in gyara Rumde, na huda taswirar wasu mutanen ke nan, su ma da tsofaffinsu. Kuma yanzu Adda a ɗakin take wuni, idonta a kan layin. In na bi layi kamar kowa, sai ruwa ya riga ni. Ban ma san gaskiyar ba, shi ne abin da ke cina. Wataƙila Rumde ta tsira ɗin, wataƙila kuma ruwa har taga. Ba wanda ya sani, amma kowa na zaton an sani.

Kullum da safe in na taso daga gidanmu a Shagari Low Cost sai na karkata ta gadar Binuwai. Ruwan ya yi ja, yana tafiya shiru, ya shanye gonakin masarar da ke bakin gaɓa. Masu kwalekwale sun janye kayansu sama. Ana ta cewa za a sako ruwa daga dam ɗin Kamaru. Abinci ba ya shiga min, ko sallah na tayar taswirar nake gani.

In na faɗa, aikina ya tafi, wannan na haƙura. Amma sunan Adda ne a kan taswirar, ita ta tsaya gaban manya ta ce ga inda za a kwashe mutane, ga inda za a bari. Wa zai sake yarda da lissafinta? Da wane ido zan kalli matar da ta tsaya min?

Jiya ta zo da dafaffiyar gyaɗa ta ajiye min a tebur, tana ta fara'a. Ta ce, "Ka san Mama ta riga ta ɗaure kaya za ta koma wurin ƙanwata a unguwar Dubeli? Na ce mata ta kwance, ta zauna a ɗakinta. Na ce ƙanena ne ya kula da aikin nan, ba ya wasa." Na ce, "Madalla, Adda."

Yanzu haka da nake rubutun nan hadari ya haɗo ta gabas, tsohuwar kuma ta kwance kayanta. Jama'a, me zan yi?