Naɗin da Ke Fashewa a Hannun Kaka

Zuwa ga angona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin asibitin naka. Mu nan sai godiya, ban da kakanka, abokin takararka. Tun da likita ya raba shi da nama da maiƙo ya ƙulla gaba da kwanon abinci. Loma biyu, ya ture. Wandonsa ma sai da na ƙara wa mazagin ƙulli. Kada ka ga ina wasa, abin ya fara ba ni tsoro.

Uwarka ta nuna mini hotonka a waya kana cin wani abu a naɗe kamar tabarma. Ta ce babu nama a ciki. Mene ne shi? Wa ya girka maka? In mace ce ka faɗa mini tun da wuri in haɗa kayana. Ka rubuto yadda ake yi.

Matarka ta fari,
Kaka

*

Kaka amaryata,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ki ajiye kayanki, gardi ne ya koya mini, abokin aikina. Miyar da ke cikin naɗin irin ta mutanen Habasha ce. Ga adas nan na aiko, ɗan wake ne ja mai faɗi, tare da garin yajinsu da burodin naɗi marar kauri.

Kada ki jiƙa adas ɗin. Ki yanka albasa da yawa ki zuba a busasshiyar tukunya, babu mai, ki yi ta juyawa har ta yi laushi. Sannan yaji, tafarnuwa, mai cokali ɗaya, adas da ruwa. In ya yi kauri ki zuba a tsakiyar burodin, ki lanƙwasa gefe biyu, ki naɗe. Kaɗan fa za ki zuba, na san hannunki.

Allah ya ba tsoho lafiya.
Jikanki

*

Angona,

Ina gaisuwa. Albasa babu mai! Na ce yaron nan so yake ya ƙona mini tukunya ya huta da ni. Na tsaya a kanta da kofin ruwa ina jiran hayaƙi. Ashe baiwar Allah da ruwanta a jiki, ta narke ta yi zaƙi. Da yajin ya shiga, sai ga kakanka a bakin kicin, wai me ke ƙonewa. Na ce, “Ba naka ba ne, Malam, na masu cin abinci ne.”

Wajen naɗi aka yi abin kunya. Na cika, na naɗe, ya fashe ta gindi. Na biyu ma haka. Ka san kakanka, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ninke yadi a shago. Ya ce, “Ke, ko yadin da aka ƙi saye ba a yi masa wannan wulaƙanci. Matsa.” Ya wanke hannu, ya rage miyar, ya kama gefe da gefe, ya naɗe tsaf. Sai ya gutsura, wai ya ga ko naɗin zai riƙe har ƙarshe. Ya riƙe. Ya naɗa wani don ya tabbata.

Kullum yanzu haka muke, ni in fasa, shi ya gyara yana mita.

Kaka

*

Kaka,

Alhamdu lillahi, na ji daɗi ƙwarai. Ina nan zuwa ranar hutuna in koya miki naɗin, ki huta da gori.

Jikanki

*

Angona,

Kada ka kuskura. Ni da nake naɗe jarirai a zane tun kafin a haifi uwarka, burodi ne zai gagare ni? Ranar da na iya naɗi, ranar tsohon nan zai koma ɗaki ya kwanta. Jiya na kwance ƙullin mazagin.

Ka zo da adas, ka bar iyawarka a gida.

Ka huta lafiya,
Kaka