Na Yarda, Ka Rage Nauyin

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗana na fari, wanda ya riga ni kwanciya a maƙabartar gabashin gari. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai yake aika wa wanda ya tafi, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa ni ne, mahaifinka, masaƙi. Ka san ban yi boko ba, kuma ban yi nadama ba. Malam Audu ne yake rubutawa, tsohon hedimasta, abokina tun muna kiwon awaki. Ni nake faɗa, shi yake danna waya da yatsa ɗaya kamar kaza tana tsintar gero. Ya ce zai sa a shafinsa mutane su karanta. Na ce su karanta mana, dama ai a gaban mutane na yi maka abin da na yi.

Ba zan kira sunanka ba. Ka san ba a kiran ɗan fari, ana jin nauyinsa. Mai-waya nake ce maka kana raye, bari mu tafi a haka.

Damina biyu ke nan da tafiyarka, kuma shagonka yana nan. Ba ya buɗewa, ba ya rufewa. A kansa nake son mu yi magana, tunda ba mu gama ba.

Ka tuna yadda aka fara. Mu huɗu muka rage a gindin tsamiya, inda a da layin masaƙa yake kaiwa har bakin rijiya. Mu ɗauki gwado mu kai kasuwar Gwiwa, mu dawo da shi. Mu kai Roni, mu dawo da shi. Kowa ya koma bargon kanti, wannan mai santsi da ake yi wa wanki biyu ya zama tsumma. Sai ka zo ka tsuguna ka ce za ka buɗe mana shago a cikin waya, marar ƙofa marar kwaɗo, mutumin Kano da na Kaduna su ga gwadonmu suna kwance a kan gadonsu. Na ce maka mai sayen gwado a kwance ba mutumin kirki ba ne. Duk da haka na bar ka.

Amma na kafa sharaɗi biyu, kuma har yau ban ce sharuɗɗan banza ne ba.

Na farko, ba mai shiga shagona ban gaishe shi ba. Ka ɗauko waya, na sa babbar riga na zauna gaban masaƙa, na yi wa mai saye sannu da zuwa, na tambaye shi hanya, da gajiya, da iyali, da sanyi, da mutanen gida. Na gaya masa ubana masaƙi ne, kakana ma haka. Na nuna masa ƙoshiyar da ake jefa zare da ita, na nuna masa abawa, zaren da take ɗauka. Kana bayan wayar kana danne dariya, har ta ƙwace maka ka ce, “Baba, ka gajarta, mai saye fa yana tsaye.” Ban gajarta ba. Na ce a sa wannan bidiyon a bakin ƙofa, kada a ga ko zare ɗaya sai an wuce ta kansa.

Na biyu, kowane gwado a ɗauke shi hoto goma sha biyu, manya, ta yadda in mutum ya ja da yatsa zai iya ƙirga zaren. Wanda ba zai taɓa da hannu ba, aƙalla ya taɓa da ido. Ka aro babbar kyamara a Kazaure, ka yi yadda na ce.

Bayan wata guda ka zo ka ce mini, “Baba, shagon ya yi nauyi.”

Na ce alhamdu lillahi.

Malam Audu yana dariya, na ce ya rubuta dai. To me zan ce? Tun ina yaro na san gwado mai nauyi shi ne na gaske. Mai saye yakan ɗora a tafin hannu ya ɗaga sau biyu, in hannun ya yi ƙasa ya biya ba ciniki. Kunkurun da muke ɗaure zare a jikinsa, in ba a ɗora masa duwatsu ba, saƙar sakwarkwacewa take yi. Mutum ma in an yabe shi cewa ake yi mai nauyi ne. Ranar har na gaya wa Tanko da sauran masaƙan, ina juya ƙoshiya ina fankama, na ce shagonmu fa ya yi nauyi. Suka yi ta sa maka albarka. Kana tsaye kana kallon ƙasa.

Da muka shiga zaure ka yi mini bayani. Ka ce a waya nauyi ciwo ne. Ka ce duk hoton nan da bidiyon nan sai sun bi ta iska sun sauka a wayar mutum kafin ƙofa ta buɗe, iskar kuma a ƙasarmu siririya ce kamar hanyar gona, mu kuwa mun ɗora wa jaki kayan tirela. Ka ce mutum yakan danna, ya ga ɗan zobe yana juyawa, kafin ka gama bisimilla ya fita ya shiga wani shagon. Ka roƙe ni abu uku: a matse hotunan su ƙanƙance, a fara nuna ɗaya sauran su jira sai an nema, a mayar da gaisuwata ciki, mai so ya danna. Ka ce, “Ka yarda in rage nauyin kawai, Baba, ba zan taɓa gwadon ba.”

Ni kalmar rage na ji. A sana'armu mai ragewa sunansa ɗaya.

Akwai wata Hajiya da take zuwa kasuwar Babura daga tsallaken iyaka, wadda takan ɗauki gwado shida ta biya da sefa. Kai ka ba ta adireshin shagon don ta huta da zuwa. Da muka haɗu ta ce mini, “Malam, na tsaya a ƙofar shagonka har datata ta ƙare, ban ga ko bakin zare ba.” Na ce mata wanda ba zai iya jiran gaisuwa ba, ba shi da rabon gwadona. Ta yi murmushi ta gyara mayafi. Ban sake ganinta ba. Ka ji labarin, sai ka daina cin tuwon dare tare da ni kwana uku.

Sai ka yi abin da ka yi, kuma a nan kai ma kana da laifi, ko ka mutu sai na faɗa. Ka matse hotunan ba ka tambaye ni ba. Ka kawo mini waya a gindin tsamiya kana murna, ka ce in duba yadda yake buɗewa kamar an hura. Ya buɗe ɗin kuwa. Na sa yatsa biyu na ja hoton baƙin gwadon nan mai jan baki, wanda na yi kwana tara a kansa. Zaren ya narke, ya zama kamar an zuba masa ruwa. Ba a gane abawa, ba a gane zaren tsaye. Kowa ya gani zai ce na kanti ne.

Na miƙe. A gaban Tanko, a gaban masu ɗiban ruwa, na ce wanda ya rage abawa a gwado ɓarawo ne, wanda ya rage a hoto ma ɓarawo ne, kuma ban haifi ɓarawo ba.

Ka karɓi wayar da hannu biyu. Washegari ka mayar da komai yadda yake, da gaisuwar, da manyan hotunan, ba ka bar ko ɗaya ba. A kwana na biyu ka ɗaure jaka a bayan acaɓa ka koma Kazaure, shagon gyaran waya na Malam Sabo.

Wata biyu. Kai kana jiran in aiko, ni ina jiran ka zo ka tsuguna.

Ranar Talata aka aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da kai. Innarka ta ɗauki mayafi ta tsaya a bakin zaure tana kallona. Na ce ta je, zazzaɓin damina ne, ina da saƙa a kan masaƙa. Ranar Laraba innarka ta aiko cewa kana tambayata. Na ce gobe. Alhamis na gama gwadon, na naɗe, na yi wanka, na nemi rigar da ta dace, na tsaya gaisawa da liman a hanya, gaisuwa cikakkiya irin tawa. Da na isa an riga an ja maka zane.

Malam Audu ya ce mu tsaya mu sha ruwa. Na ce ya ci gaba.

Bayan arba'in na ari wayarsa, tunda tawa ƙarama ce ba ta shiga irin wuraren nan. Na hau kan dutsen bayan gari inda samari suke neman sabis. Ka ga, duk tsawon rigimarmu ban taɓa shiga shagon nan a matsayin mai saye ba. Kai kake buɗewa ka miƙo mini. Ranar na danna da kaina.

Zoben ya fara juyawa.

Na ja carbi ya zagayo. Na sake ja. Rana ta kama ƙeyata. Wata akuya ta zo ta dube ni ta wuce. Sai rabin hulata ya fito a wayar, ya tsaya. Sai bakina ya buɗe zai ce sannu da zuwa, ya tsaya a buɗe kamar na wanda ƙashi ya maƙale wa. Na zauna ina kallon wani tsoho da ya tare ƙofa ya ƙi matsawa, bayansa akwai gwado sittin ba mai ganinsu. Wallahi da ba ni ba ne, da na zage shi.

Ban sauka ba, don na san abin da yake can gaba. Sai da la'asar ta kusa ya kai wurin. Muryarka ta fito daga bayan waya, da dariyar nan taka: “Baba, ka gajarta, mai saye fa yana tsaye.”

Ba mu da muryarka a ko'ina sai nan.

Sai bana na je wurin Malam Sabo. Ka san abin da ya ci mini kafin in tako shagon nan. Na ce masa na zo a rage nauyin. Ya duba, ya juya, ya ce ba zai iya ba. Shagon cikin wayar yana da mabuɗi, wasu kalmomi da kai kaɗai ka sani. Wayarka a kulle take, layinka an daɗe da rufe shi. Mun gwada sunan innarka, mun gwada sunan garinmu, mun gwada gwado, mun gwada ƙoshiya. Na ce a gwada sunana. Ba shi ba ne. Ban ji haushi ba, ban cancanta ba.

Ya ce wurin da shagon yake zaune yana da wa'adi, ran da ya cika zai ɓace da kansa, ba wanda zai sanar da mu. Ya ce zai iya gina mana sabo marar nauyi. Na ce wa za a gina wa? Ɗaya daga cikinmu ya bi ka bara. Ɗaya idonsa ya tafi. Tanko ya kwance masaƙarsa ya koma gadi a gidan mai, duwatsun kunkurunsa an kwashe an yi harsashin katanga. Ni kaɗai nake zama gindin tsamiya, ina saƙa ina tarawa a ɗakinka, asu yana ci daga ƙasa ina ƙarawa daga sama.

Mutumin kirki ne Malam Sabo. Ya kwafo bidiyon ya sa a cikin wayar Malam Audu, ta yadda da an taɓa sai ya buɗe, ba zobe ba jira. Na kalla sau ɗaya. Ka yi magana, ka yi dariya, ka ƙare, duka kafin in gyara zama. Ban sake taɓa shi ba. Na fi son in hau dutse. Muddin zoben nan yana juyawa, ji nake kana hanya, ka baro Kazaure, ka wuce kwana, yanzu za ka iso.

Kada ka ɗauka na sauka daga kan duk maganata. Har gobe ina cewa mutanen yanzu ba su da haƙuri. Mutumin da zai yi shekara ashirin yana lulluɓa da abu, ya kasa jiransa minti ɗaya! Har gobe ina jin haushin masu dogayen ƙarafunan sabis ɗin nan, da suka cika birni da su suka bar mu muna hawa dutse kamar birai. Kuma har gobe hoton nan da ka matse bai yi kama da gwadona ba.

Amma da an ga gwado a dushe, wataƙila da an saya, a ɗora a hannu a ji nauyinsa na gaske. A yadda na bar shi, ba a ga komai ba. Kai ka san haka, ni ban sani ba, kuma na kira ka da sunan da ba naka ba a gaban mutane. Ba ɓarawo ba ne kai. Duk wanda yake karantawa ya shaida, in akwai ɗan garinmu ya kai wa masu ɗiban ruwa.

Kalma ɗaya ka roƙa, na hana ka. Ga ta, ko da ba ta da inda za ta shiga yanzu.

Na yarda. Ka rage nauyin. Ka matse hotunan, ka cire gaisuwar, ka ture tsohon nan daga bakin ƙofa.

Habibu.

Malam Audu ya ɗago ya dube ni. Na ce ya bar shi a rubuce.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa ka yafe mini. Allah ya sauƙaƙa maka ƙasar da ke kanka, ya yalwata maka makwanci, ya buɗe maka ƙofar Aljanna ba tare da ka tsaya jira ba. Ranar da za a ɗora ayyuka a kan mizani kuwa, Allah ya sa naka ya yi nauyi, nauyi irin wanda nake nufi. A can dai ba za ka yi mini gardama ba.

Amin summa amin.

Ni ne mahaifinka,
masaƙin gindin tsamiya,
wanda ya zo a makare.