Rasuwar Koci Pettway, da Gidan da Ba Mu Fara Kira Ba

Cikin alhini, da kunyar da ba za mu yi wa kwaskwarima ba, Sashen Wasanni na Jami'ar Oakmulgee ya samu labarin rasuwar Babban Kocin ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka, dattijo mai daraja kuma dikon mai hidima a majami'arsu, Lemuel Pettway, wanda zuciyarsa ta tsaya ranar Talata a hanyarsa ta dawowa daga gidan wani ɗan wasan sakandare da yake zawarci don ƙungiyarmu.

Marigayin ya karɓi ƙungiyar nan a lokacin da abokan hamayya ke gayyatarmu wasa don su huta, ya mayar da ita wadda ake fargabar haɗuwa da ita. Dabararsa ba ta da ado: a samo ƙarti a layin gaba, a riƙe ƙwallo, a gajiyar da abokin karawa har ya sallama. Sai dai ya sha gaya mana cewa a falon uwar yaro ake cin wasa tun kafin a shiga fili. Yakan zauna ya ci soyayyiyar kaza da burodin masara har da ƙari, sannan ya nemi amanar ɗan, ya yi alkawarin cewa in wani abu ya faru, daga bakinsa za a fara ji.

Rabin darasin muka koya. Da labarin ya iso ofis, ranar sanya hannun sababbin 'yan wasa ta ƙarato, mun kuma san sauran jami'o'i ba za su jira a binne shi ba. Sai muka raba lambobi, muka bi yaran da ya zawarta ɗaya bayan ɗaya muna roƙonsu kada su sauya sheƙa. Aikin ya tafi cikin tsari abin sha'awa. Kowannenmu ya ɗauka wani ya kira gidan marigayin. Uwargida Odessa Pettway ta ji mutuwar mijinta ne daga bakin Uwargida Corinne Tubbs, mahaifiyar yaron da ya ci abincinsa na ƙarshe a gidansu, wadda ta ji labarin daga kiranmu. Ta kira don yin ta'aziyya, sai Uwargida Odessa ta tambaye ta ko ya taso daga gidan nasu.

Mun sake kiran yaran, mun janye roƙonmu: mai son tafiya ya tafi, gurbin mai zama yana nan. Muna roƙon Ubangiji ya ba marigayin hutawa, ya ba Uwargida Odessa da 'ya'yansu da jikokinsu juriyar wannan rashi da ta abin da muka ƙara a kansa.

Iyalin sun nemi kada kowa daga sashen nan ya yi jawabi a jana'izar ranar Asabar. Za mu zo, mu zauna a kujerun baya, wayoyinmu a kashe.

Dakta Marva Stallworth
Mai Magana da Yawun Sashen Wasanni, Jami'ar Oakmulgee