Famfon da na sauke daga mota

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna, ya Malam da yara? Ya ƙarin haƙurinmu?

Yaya, sai shekaranjiya na gane abin da ya faru da Baban Amina. Ina sharar ɗakin ajiya na ga famfon iskarsa a bayan buhun masara. Nan na zauna a ƙasa.

Hanyar gonarsa ta bayan Bwari yashi ce. In zai shiga da jif ɗinsa yakan rage wa tayoyi iska don kada ta kafe, in ya fito kwalta ya tsaya ya mayar. Ranar hatsarin da tayar ta fashe masa a kwalta, ni na sauke famfon don kular abincinsa ta sami wuri.

Na tambayi mai facin bakin titinmu. Ya ce, "Hajiya, taya ba iska in ta yi gudu a kwalta zafi take ɗauka har ta fashe. Amma ki bar tuhumar kanki, kwana ne ya ƙare." Kunnena ya ji, zuciyata ba ta ji ba.

Gidan ya yi mini girma. Maƙwabta kowa ofis yake wuni, Amina tana makarantar kwana. Har yanzu kofi biyu nake ɗaukowa da safe.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Inna da kowa. Ke kaɗai na gaya wa. Amina za ta zo hutu ran Juma'a, kuma ban san ta inda zan fara mata ba.

Ƙanwarki,
Rabi